Arziki baƙo ne, amana ce ƴar gida

Cikin shekaru sittin da suka wuce, Nijar ta ga arziki iri-iri ya zo ya wuce, kuma kowane ya bar darasi ga mai hankali.

A shekarun 1960 gyaɗa ce sarauniya. Fiye da rabin kuɗin da ƙasa take samu daga waje ta hanyarta yake shigowa. Gwamnati ta kafa kamfanin Sonara a 1962 don saye da fitar da ita, motoci suna kwasar buhuna daga Maraɗi da Damagaram zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai su Legas. Da yawa daga cikin manyan alhazan Maraɗi a nan suka kafa jari. Sai ga farin 1973 da 1974, cuta ta biyo baya a 1975, gonakin gyaɗa suka koma na hatsi.

Kafin a gama jimami, ƙarfen uraniyom ya ɗaga kai. An fara haƙarsa a Arlit a 1971, Cominak ta bi sahu a Akuta a 1978. Zamanin Seyni Kunce kuɗinsa ya gina otel Gaweye da manyan ofisoshin Yamai, aikin gwamnati ya zama abin alfahari. Farkon shekarun 1980 farashi ya karye, bashi ya hau kan ƙasa. Ramin Akuta kansa an rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, bayan ƙarfen ya ƙare.

Ko kuɗin aljihu bai tsira ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari faran ɗaya na Faransa, da ake saye dala 10, ya koma dala 20. Ɗan kasuwar da ake bi bashin kaya a ƙetare ya ga bashinsa ya ninka cikin dare guda. Ma'aikaci kuwa, wanda dama yake bin gwamnati albashin watanni, ya tarar magani da sauran kayan waje sun fi ƙarfinsa.

To, mi ya riƙe mutane a waɗannan shekaru? Littafin bashin mai kanti ne, da adashen mata, da buhun hatsin da ɗan'uwa yake aikowa daga ƙauye. Malamin makaranta yakan ɗauki shinkafa da sabulu sai ranar da albashi ya fito, ba takarda, ba sa hannu. Mai kantin ma a kan magana ya karɓo kayan daga ubangidansa. Duk wanda ya taɓa cin amana a lokacin wadata, ranar tsanani ya iske ƙofofi a rufe.

Hausawa sun ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Ba a hana mutum neman dukiya ko muƙami ba, amma ya san ba shi ke yanke farashin gyaɗa ba, ba shi ke tsai da darajar sefa ba. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: cika alkawari, biyan bashi a kan lokaci, da duba na ƙasa da shi. Yau da ake maganar man fetur na Agadem, wannan lissafi bai sake ba. Wanda ya tara mutane tun rana tana sama, shi ne zai sami wurin kwana in ta faɗi.