Karofin Ƙofar Mata Yana Neman Magada

A unguwar Ƙofar Mata cikin birnin Kano akwai karofin da marina suke ƙirga shekarunsa tun daga 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, a bar shi kwanaki ya nuna. In an tsamo ƙyalle kore yake fitowa, iska ce take mai da shi shuɗi, sa'an nan mabuga su buge shi har ya ɗauki ido. Barth, Baturen da ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu. Amma yanzu ramuka da yawa sun bushe, yadin kanti mai araha ya cinye kasuwa, 'ya'yan marina kuwa sun kama wasu sana'o'i.