Aiki da Kwaɗayin Lada a Wajen Hukaman Hindu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sankaryare ta Wagadugu da sassafe, ya iske mahauci yana wasa wuƙa, mai hatsi yana kwance bakin buhu, tela kuma ya duƙufa kan kekensa tun mai saye bai ɓullo ba, in ya tambaye su yaya kasuwa, da wuya bai ji an ce masa, “Namu dai fitowa, sauran na Allah ne” ba. Wannan magana, wadda ta raba himmar bawa da abin da himmar za ta haifar, ita ce mas'alar da hukaman ƙasar Hindu suka daɗe suna warwara.

Tushenta na cikin littafin Bagabad Gita, baiti 700 a babi 18, inda jarumi Arjuna ya tsaya a fagen Kurukshetra, ya hangi danginsa da malamansa cikin rundunar abokan gaba, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka. Krishna, mai tuƙa masa karusa, ya hore shi cewa babu mai rai da zai zauna ba aiki, kuma kwaɗayin sakamako ne ke ɗaure mutum; tafarkin aikata wajibi ba tare da wannan kwaɗayi ba shi suke kira karma yoga. Masani Albiruni ma ya nakalto daga littafin cikin Larabci wajejen 1030.

Malamansu sun yi saɓani. Shankara ya tafi a kan cewa aiki wanke zuciya kurum yake yi, tsira sai da ma'arifa. Tilak kuwa, a sharhin da ya rubuta a kurkukun Mandalay aka buga a 1915, ya ce aikin shi ne maƙasudi.

Almajirin da ya haddace Arba'una Hadisi zai ce ai niyya da ikhlasi da tawakkali ke nan, amma ina ganin a yi hattara da kiyasin. Musulmi yana neman halal yana tsammanin lada a Lahira, ba wanda zai aibata shi. Su ko hukaman Hindu, da yake sun ƙudurce cewa rai yana mutuwa ana sake haihuwarsa, har begen aljanna igiya ce mai komo da shi duniya. Sa'an nan sun ɗaura wajibin kowa ga gidan da aka haife shi, ɗaurin da ya fi na sana'ar gado ta maƙera da wanzamai tsauri, domin ɗan mahauci na Sankaryare, in ya yi karatu ya ƙoshi, shi ke jan salla.