Takardar Shaidar Naƙasa: Mabuɗin Rangwamen da Yawancin Naƙasassu Ba Su Riƙe Ba

Duk wanda ya taɓa zama a tagar sayar da tikiti, ko a kantin magani, ko a bakin ƙofar banki ranar da layi ya yi tsawo, ya san yadda lamarin yake. Idan gurgu ya zo bisa kekensa, ko makaho da ɗan jagoransa, babu mai neman wata shaida, domin ido ya riga ya gani. To amma idan kurma ne ya zo, ko mai farfaɗiya, ko wanda ganinsa ya raunana amma idonsa a buɗe yake, ya nemi a shigar da shi gaba ko a yi masa sassauci, nan take sai gardama ta tashi. Ma'aikaci yana tsoron kada a yaudare shi, shi kuwa mai neman haƙƙinsa yana jin an wulaƙanta shi a bainar jama'a.

Wannan gardama ta daina zama al'amarin tausayi kawai tun daga watan Janairu na 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018. Dokar ta biyo bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta sanya wa hannu a 2007, ta kuma amince da ita a 2010. A ƙarƙashin dokar, kamfanin da aka samu da laifin nuna bambanci ga wani saboda naƙasarsa zai biya tarar N1,000,000. Idan kuwa mutum ne shi kaɗai, tarar N100,000 ce, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun.

Haka kuma dokar ta ba naƙasassu damar a fara sallamarsu a duk inda ake bin layi, ta ce a keɓe musu gurbi a wuraren ajiye motoci, ta tanadi ilmi kyauta har zuwa sakandare, da magani kyauta a asibitocin gwamnati ga masu taɓin hankali. Ta umarci ma'aikatun gwamnati da su yi iyakar ƙoƙari naƙasassu su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga domin keken guragu ya samu hanya, wa'adin da ya cika a watan Janairu na 2024.

Sai dai kuma duk waɗannan alfanu an rataya su ne a kan takarda guda. A wurin fassara kalmominta, dokar ta ɗaure ma'anar naƙasasshe da mallakar takardar shaidar naƙasa. Takardar iri biyu ce. Idan likita ya ga alamar naƙasa a jikin wanda yake dubawa, yana iya ba shi takardar wucin gadi da yardar Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ba za ta wuce kwana 180 ba. Idan larurar ta zarce wannan lokaci, sai hukumar ta ba da takardar dindindin bisa shawarar likita. Wanda ya ba da takardar ko ya karɓe ta ta haramtacciyar hanya zai fuskanci tarar N200,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. Ita hukumar kanta sai a 2020 aka kafa ta, da Mista James Lalu a matsayin sakataren zartaswa na farko, kafin Mista Ayuba Gufwan ya gaje shi a 2024.

Girman aikin da ke gaban hukumar yana fitowa fili idan aka dubi alƙaluma. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna naƙasassu kimanin miliyan 3 da dubu 250, wato kashi 2.3 cikin 100 na al'ummar ƙasa a lokacin. Amma wani rahoton Bankin Duniya ya kawo ƙiyasin cewa a 2018 yawansu ya kai kimanin miliyan 29. Babban dalilin wannan tazara shi ne abin da ake ƙirgawa. Mai ƙidaya yakan rubuta abin da ya gani ko abin da maigida ya yarda ya faɗa, iyalai da yawa kuwa sukan ɓoye ɗansu mai larura don gudun surutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke auna wahalar gani da ji da tafiya da kula da kai, ta ce kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna ɗauke da naƙasa mai tsanani.

Jihar Ikko ta riga Gwamnatin Tarayya. Ta kafa dokarta ta mutane na musamman a 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta kuma buɗe ofishin kula da harkokin naƙasassu da aka fi sani da LASODA, wanda ke yi musu rajista. A 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya amince naƙasassu su riƙa shiga manyan motocin BRT kyauta, ya kuma ƙaddamar da asusun tallafi na Naira miliyan 500. A nan ne darajar rajista ta bayyana, domin tallafin gwamnati sunan da ke cikin littafi yake bi. Wannan ya shafi 'yan Arewa masu yawa da ke zaune a gidan naƙasassu na Oko-Baba da ke Ebute Metta, da unguwannin Agege da Idi-Araba. Da yawansu ba su yi karatun boko ba, ba sa jin Turanci ko Yarabanci sosai, sa'annan yinin da suka ɓata a ofis ko asibiti yini ne da babu abin sawa a baka.

Tun kafin a san takarda, al'ummar Hausawa tana da nata hanyar shaida. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kowanne ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya san baƙo, ya san ɗan gari. Wannan tsari yana nan har yau, a Kano da Zariya da ma zangunan kudu. Lokacin da Gwamna Sule Lamido ya fara biyan naƙasassun Jihar Jigawa alawus na N7,000 a kowane wata a 2007, tambayar farko da ta taso ita ce wa za a sa cikin jerin, wa zai tabbatar da shi. Sarakunan naƙasassu ba za su maye gurbin likita ba, amma ta hannunsu ne ya fi sauƙi a kai ga mutanen da ba za su taɓa taka ƙafa zuwa Abuja ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da bin wannan hanya, kuma akwai darasi a cikin abin da ya same su. A Ingila, tun 1981 ake ba naƙasassu katin jirgin ƙasa da ke rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin tikiti, ga mai katin da mutum guda da ke rakiyarsa. Ba a sake aika mutum wurin likita; ana karɓar takardar da ya riga ya mallaka, kamar ta alawus ɗin naƙasa da gwamnati ke biyansa, ko ta rajistarsa a matsayin makaho ko kurma. A Indiya, dokar 2016 ta amince da nau'in naƙasa 21, amma sai likitoci sun auna larurar ta kai kashi 40 cikin 100 kafin mutum ya samu manyan alfanu. A Kenya kuwa, tun 2010 aka ɗauke wa naƙasasshe mai rajista haraji kan Sulai 150,000 na farko na abin da yake samu a wata, bayan asibitin gwamnati ya duba shi, hukumar haraji kuma ta tantance.

Darasin da ya fi shafar 'yan kasuwa daga ƙasar Filifin ya zo. A can doka ta tilasta wa kantunan magani, da gidajen abinci, da otal-otal, da kamfanonin sufuri su rage wa mai katin naƙasa kashi 20 cikin 100, sa'annan a 2016 aka ƙara da ɗauke masa harajin VAT. An yarje wa 'yan kasuwa su cire wannan rangwame daga kuɗin shigarsu kafin a yanka musu haraji. To da yake kowace ƙaramar hukuma ita ke buga nata katin, sai katin jabu ya cika gari. A ƙarshen 2024 hukumar harajin ƙasar ta ce asarar da aka yi ta wannan hanya a 2023 kaɗai ta kai kimanin Peso miliyan dubu 88. Abin takaici, masu kantuna suka koma tuhumar kowa, waɗanda naƙasarsu ba ta bayyana a ido su suka fi shan tambaya.

A Nijeriya dokar tarayya ba ta wajabta wa ɗan kasuwa rage farashi ba. Abin da ta hana shi ne ƙin sayar wa mutum kaya, ko tsaurara masa sharaɗi, saboda naƙasarsa. Saboda haka kamfanin sufuri ko kantin da ya ga damar yin rangwame don jawo ciniki, shi zai tsara wa kansa ƙa'ida. Ya kamata ƙa'idar ta kasance a rubuce, a manne inda kowa zai gani, ta faɗi irin shaidar da za a karɓa: takardar hukumar ƙasa, ko katin hukumar jiha, ko takardar asibitin gwamnati. A duba sau ɗaya a rubuta sunan mai ciniki, kada a riƙa sa shi bayanin ciwonsa a gaban jama'a duk ranar da ya zo. Maganar fifiko a layi kuwa wajibi ce ta doka, ya kamata kowane ma'aikacin kanta ya san haka.

Ragowar aikin na hukuma ne. Muddin takardar shaida ba ta sauko zuwa asibitocin ƙananan hukumomi ba, muddin kuma babu kati guda da ɗan kasuwa a Onica zai gane kamar yadda na Sakkwato zai gane shi, to rangwamen zai ci gaba da tsayawa a hannun 'yan birni masu ilmi da hanya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna da bakin magana a nan, domin mambobinsu ne ke fuskantar tara idan sun hana mai haƙƙi, su ne kuma ke ɗaukar asara idan sun ba wanda bai cancanta ba.