Kafin A Isa Asibiti, A Fara Da Numfashi

Yawancin ƙauyukanmu suna nesa da asibiti. In damina ta yi nisa, hanya ta lalace, tafiyar rabin sa'a sai ta ci sa'a biyu. Amma mutumin da numfashinsa ya tsaya ba shi da sa'a biyu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa bayan kamar minti 4 zuwa 6 in ba ta sami iska ba. Watau kafin likita ya ga majinyaci, ransa yana hannun wanda ke tsaye a wurin, ko abokin aikin gayya, ko matar da ta zo ɗiban ruwa. Saboda haka muka ga ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta san abin da hannu biyu za su iya yi.

Abin Da Ke Toshe Hanya

Iska takan shiga ta hanci da baki, ta bi maƙogwaro zuwa huhu. Sa'ad da mutum ya suma, naman jikinsa duka yakan saki, har da harshe. In yana kwance rigingine, sai harshen ya koma baya ya rufe maƙogwaro kamar marfi a bakin tulu. Minsharin nan mai ƙarfi da mukan ji daga wanda ya faɗo daga bishiya ko babur, alama ce hanya ta ƙuntata, kada a ɗauka barci ne. Abu na biyu shi ne amai da jini da majina. Mai lafiya yakan yi tari ya fitar da su, sumamme kuwa ba ya iyawa, sai su gangara cikin huhu. Ta haka mutumin da rauninsa bai isa kisa ba yakan cika a bayan a-kori-kura, domin an shimfiɗe shi rigingine ba mai lura da bakinsa.

Dabarun da za mu bayyana an gwada su tuntuni. A shekarun 1950, likitoci biyu a Amurka, Peter Safar da James Elam, suka nuna cewa ɗaga haɓa yakan buɗe maƙogwaro, kuma wanda bai yi karatun likita ba yana iya hura wa wani numfashi baki da baki. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa tana da kamar kashi 16, wannan ya isa ya riƙe rai. A 1952 kuma, lokacin annobar shan inna a babban birnin ƙasar Denmak, ɗaliban likita suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jakar roba da hannu don tura iska cikin huhun waɗanda cutar ta hana su numfashi. Da yawa suka rayu.

Ga Yadda Za A Yi

Da fari a duba ko wurin da hatsari. In mutum ya suma a cikin rijiya, kada kowa ya yi gaggawar bin sa, gama iskar da ta ka da shi za ta ka da na biyu. A kira sunansa da ƙarfi, a taɓa kafaɗarsa. In bai amsa ba, a aiki mutum ɗaya neman mota da malamin asibiti. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112.

Na biyu, a buɗe hanya. A sa hannu ɗaya a goshinsa, yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, a karkata kai baya a ɗaga haɓar. In ana zaton wuyansa ya bugu, a riƙe kan daidai da jiki, a tura muƙamuƙi gaba da yatsu daga ƙasan kunnuwa. In hakan bai buɗe hanya ba, a ɗaga haɓar a hankali, domin numfashi ne kan gaba. Abin da ido ya gani a baki a cire, amma kada a yi lalube da yatsa.

Na uku, a kai kunne kusa da bakinsa, ido yana kan ƙirji, har daƙiƙa 10. Kakari jifa-jifa, irin na kifin da aka fitar daga ruwa, ba a lissafa shi a numfashi.

In yana numfashi sosai, a juya shi ya kwanta ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, baki yana kallon ƙasa, don abin da ya taso ya zubo waje. Mai rauni a wuya, mutum uku ko huɗu su juya shi tare kamar gungume, ɗaya yana riƙe da kai. Haka za a ɗauke shi har asibiti, wani yana zaune wajen kansa yana kallon ƙirji.

In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan hannun a bisa, a danna zurfin kamar santimita 5, sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti. Sa'an nan a ɗaga haɓa, a matse hanci, a hura sau 2, kowanne daƙiƙa ɗaya, har a ga ƙirji ya tashi. A ci gaba, 30 da 2, ana karɓar juna bayan minti biyu-biyu. Wanda ba zai iya hurawa ba ya yi dannawar kaɗai, ta fi zuba ido.

Wanda aka ciro daga kududdufi ko dam, da kuma ƙaramin yaro, rashin iska ne babbar matsalarsu, don haka a fara da hurawa sau 5. Kada a ɓata lokaci wajen danna ciki wai ruwa ya fita. Jariri kuwa, kada a karkata kansa da yawa. A rufe hancinsa da bakinsa da baki ɗaya, a hura iskar da ke cikin kumatu kawai, a danna ƙirji da manyan yatsu biyu.

In Abu Ya Maƙale A Wuya

Muddin mutum yana tari yana magana, a bar shi ya yi ta tari. In murya ta ɗauke, ya kama wuya, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5. In abin bai fita ba, a tsaya bayansa, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, a ja ciki da sama sau 5. Ba a matsa cikin jariri ko na mai juna biyu, ƙirji ake dannawa. A kiyaye ba yara ƙanana gyaɗa ɗungum.

Maganin Ƙwari, Maciji Da Farfaɗiya

Fiya-fiya da danginta sukan sa yawu da majina su yi ta zuba har su cika huhu. A cire masa tufafin feshi, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe. Kada a hura masa baki da baki, gubar tana iya kama mai taimako. A tafi da kwalbar asibiti, can ne akwai allurar atropine. Dafin waɗansu macizai dangin gamsheƙa yakan shanye naman numfashi. In fatar ido ta fara sauka, haɗiya ta gagara, a hanzarta, a kuma yi shirin hura masa a hanya. Mai farfaɗiya ba ya haɗiye harshensa. Kada a sa masa cokali a baki, a kawar da shi daga wuta da ruwa, in jijjiga ta tsaya a juya shi ta gefe. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon.

Doka ɗaya ta haɗa su duka: sumamme ba a ɗura masa kome, ko ruwa, ko nono, ko manja, ko jiƙo. Da ƙauna ake yi, amma huhu abin yake tafiya.

Aikin Ƙungiya

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma karatu kaɗai ba ya koya wa hannu. A taro na gaba a gayyaci malamin asibiti ko ma'aikatan Red Cross su nuna a aikace. Kowa ya gwada ɗaga haɓa da juya ɗan'uwansa ta gefe, amma danna ƙirji sai a kan mutum-mutumi. A sa mata a gaba, gama su ne kusa da yara da bakin rafi. A tambaya ko ɗakin shan magani na ƙauye yana da jakar hura iska, ta manya da ta jarirai. In babu, asusun ƙungiya ya saya. A kuma rubuta sunayen masu mota biyu da za a iya tayarwa ko da tsakar dare, tun ruwan bana bai cika kududdufai ba.