Yadda Suwan Ke Cin Hunturu a Kan Ruwa

Wanda ya ratsa lambun Hyde Park na Landan a watan Janairu zai ga mutane sun dunƙule cikin manyan riguna, haƙora na kaɗawa, amma ga wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya zaune a kan tafkin Serpentine, ko a jikinsu. Su ne suwan, dangin agwagwa da dinya, sai dai sun fi su girma nesa ba kusa ba. Namiji kan kai kilo 11 ko 12.

Babban bargonsu gashi ne. An taɓa ƙirga gashin wani nau'in suwan, aka samu sama da 25,000, mafi yawa a kai da wuya. Na ciki laushi gare shi kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi, na waje kuma shi ke tare ruwa. Shi ya sa za ka ga tsuntsun ya wuni yana lanƙwasa wuya zuwa gindin wutsiya, yana lakato wani maiƙo da baki yana shafe jikinsa. Ba kwalliya yake yi ba, daɓe rufin ɗaki yake.

To ƙafa fa, da ba ta da gashi? Nan abin yake da ban sha'awa. Jijiyar da ke saukar da jini mai ɗumi tana manne da wadda ke dawo da mai sanyi, sai ɗumin ya tsallaka tun kafin jinin ya isa tafin ƙafa. Ƙafar ta zauna da sanyinta, jiki kuwa yana nan wajen digiri 40. In abin ya yi tsanani, sai ya naɗe ƙafa ɗaya cikin gashi, ya cusa baki a bayansa, ya yi lamo.

Iska kuwa ba a ba ta baya. Suwan fuskantarta yake yi, don in ta bugo daga baya za ta ɗaga gashin, sanyi ya shige har fata. Ko tashi zai yi, ita yake fuskanta, ya yi gudu a kan ruwa yana faf-faf da ƙafafu kafin ya ɗaga.

Abin da ke kashe su yunwa ce, ba sanyi ba. Ciyawar ƙarƙashin ruwa suke ci, kuma in ƙanƙara ta rufe tafki, dogon wuya bai da amfani. A hunturun 1962 zuwa 1963 suwan da yawa sun mutu a Ingila saboda haka. Masu sauran ƙarfi kan koma bakin teku ko su faɗa gonakin alkama.

Mutane kan ga suwan kwance a kan ƙanƙara su ɗauka ya maƙale. Galibi tattalin ƙarfinsa kawai yake yi. A watsa masa alkama ko ganyen latas, ban da burodin da ya yi funfuna, za a ga ya miƙe ya tako.