Idan Jar Fitilar Baƙin Mai Ta Kama A Tsohuwar Fijo

Kowace shekara idan bazara ta shigo Sakkwato, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi kan haura digiri 40, masu tsofaffin motoci sukan yawaita a gareji da kuka iri ɗaya. Mota ta tashi lafiya lau da safe. Amma da injin ya ɗauki zafi a hanyar Illela ko ta Wurno, aka tsaya sauke kaya, sai jar fitilar baƙin mai ta riƙa ƙyaftawa. Da an taka totur kuma sai ta mutu.

An fi jin wannan kuka daga masu Fijo 504, ƙarama da akori-kura. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ya yi ta haɗa wannan mota har zuwa 2006. Ke nan ko autarsu ta daɗe tana shan hanya.

Direbobi da yawa sun ɗauka fitilar tana nufin mai ya ƙare. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi cikin injin take aunawa. Manomin albasa a fadama ya san haka. Ruwa yana iya cika rijiya, amma idan bakin tiyo ya toshe ko tiyon ya huje, ba zai isa gona ba. Haka baƙin mai yake. Idan ƙarfinsa ya faɗi, ƙarfe zai riƙa gugar ƙarfe, kuma cikin 'yan mintoci injin yana iya bugawa. Don haka da zarar fitilar ta kama a cikin tafiya, sai direba ya sauka gefen hanya ya kashe mota, kada ya ce bari a ƙarasa tasha.

Binciken farko ba ya cin ko kwabo. A jira injin ya ɗan huce, mota tana tsaye a wuri madaidaici, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Injin fetur na 504 yana ɗaukar kimanin lita 4. Idan mai ya sauka ƙasa da alama, a ƙara, sa'an nan a nemo inda yake yoyo ko ƙonewa.

Ko da man ya cika, a shafa shi a yatsa a sansana. Idan ya tsinke kamar ruwa kuma yana warin fetur, mai yiwuwa fatar famfon fetur ce ta yage tana zuba fetur cikin injin, ko kuwa kafreto ne ke malala. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Akwai kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Da safe yana da kauri, amma da rana ta take sai ya narke. Arahar tasa ba ta kai kuɗin gyaran injin ba. Tsohon injin a zafin Sakkwato mai kauri yake so, irin mai lamba 20W-50 ko SAE 40, tare da sabuwar filta.

Idan an yi duk wannan fitilar ba ta daina ba, to sai a nufi gareji. A nan ne masu mota suka fi yin asara. Wani bakanike zai cire wayar fitilar ya ce ciwo ya warke. Wani kuma ko dubawa bai yi ba zai ce a sauke injin. Abin da ya dace shi ne a kwance suwic ɗin mai, watau ɗan ƙarfen da ke kunna fitilar, a ɗaura agogon awo a gurbinsa. A duba allurar injin yana sanyi, a sake dubawa bayan ya yi zafi sosai. Idan allurar ta tsaya da kyau, tana kuma hawa idan an taka totur, suwic ɗin ne ya lalace ko wayarsa ke taɓa jiki, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Idan ƙarfin ya yi ƙasa tun injin yana sanyi, a sauke kaskon mai na ƙasa a duba rariyar famfo. Ƙurar hunturu da daskararren tsohon mai sukan toshe ta. A duba famfon kansa da bawul ɗinsa, domin ya kan maƙale a buɗe.

Amma idan ƙarfin yana da kyau da sanyi, sai ya zube da zafi, kuma ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan injin, alama ce metal sun cinye, mai yana tserewa ta gefensu. Mai kauri zai ɓoye ciwon na 'yan makonni kawai. Idan aka kama da wuri, wani lokaci canjin metal ya isa. Idan aka yi jinkiri kuwa, sai an kai kiranshaf wurin masu wankewa, ko a sayi wani.