Wayar da Aka Bari Tana Lilo a Rufin Shago

A Babbar Kasuwar Yamai shago ba ya daɗe a hannu ɗaya. Mai atamfa ya tashi, mai sayar da salula ya shigo, kuma aikinsa na farko shi ne ya cire doguwar fitilar nan ta da, ya maƙala ƙwan LED a wani gefen. Sai ka ga wayoyi biyu ko uku sun rage a rufi, bakinsu tsirara, ga kwalayen kaya jibge a ƙarƙashinsu.

Kasuwar nan kuwa ta san gobara. Wuta ta lashe ta a 1982, sai a 1987 aka buɗe ginin da ake gani yau. Ƙaramar Kasuwa ma ta ƙone a 2012.

Mai gyaran kuran da ya san aikinsa ba ya yarda da makunnin bango. Idan wanda ya ja wayar tun farko ya ɗora makunnin a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, fitila za ta mutu, amma bolt 220 na nan kwance a ɗaya wayar. Don haka babban makunni na wajen mita yake saukewa. Kafin nan ya gwada tastarsa a soket mai wuta, ya tabbata lafiyarta lau, sannan bayan ya sauke makunnin ya taɓa kowace waya da ita. Wani kan ce ai an ɗauke wuta, bari ya yi maza ya gama. To, hukumar wutar lantarki ta NIGELEC ba ta sallama kafin ta dawo da ita, balle maƙwabcin da ya tada injin wutar da suke tarayya a kai.

A ƙa'ida, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya abokiyar tafiyarta, kore da rawaya ta ƙasa. A tsohon shagon da ya sha hannun masu gyara, launi yana yin ƙarya.

Naɗa baƙin salatif kaɗai ragon aiki ne, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana sake ƙaronsa ya warware. Kowace waya a ɗaure bakinta daban cikin maɗaurin waya da ake kira domino, a tura su akwatin roba mai murfi. Idan an gama da layin ke nan, a kwance shi tun daga inda ya taso.

Ita kuma doguwar fitilar akwai sinadarin makuri mai guba a cikinta. A naɗe ta da kwali, kada yaran shago su fasa ta a bakin kwata.